Ruhin bishiyar nan ta Velen: akwai zaɓin da yake daidai kuwa, ko an rufe mana duka ƙofofin ne?

Mafarauci87:

Salam 'yan uwa. Dan Allah wanda bai buga The Witcher 3 ba kuma yana da niyyar bugawa ya tsallake nan, don zan fasa ƙwai.

Na san na makara, gem ɗin tun 2015 ya fito ni sai yanzu na samu zama a kansa, amma jiya da daddare na kai ƙarshen labarin Bloody Baron, mai riƙe da yankin Velen da ke neman matarsa da 'yarsa, kuma wlh har yanzu abun bai sake ni ba. Kun tuna inda mayun nan uku na fadamar Crookback Bog suke sa Geralt, jarumin da kake bugawa da shi, ya je ya kashe wani ruhi da ke ɗaure a ƙarƙashin bishiya, shi kuma ruhin ya ce in ka sake shi zai kuɓutar da marayun da ke hannun mayun? To ni na riga na saba da yaran nan, har wasan ɓuya na yi da su kafin su yarda su taimaka min, shi yasa ban tsaya dogon tunani ba na nemo masa gashin hankaka da ƙasusuwansa da baƙar goɗiya na sake shi ya tafi. Da na koma na ga dagacin ƙauyen Downwarren ya sa wuƙa ya yanke kunnensa ya miƙo min wai ladan mayun kenan, sai na ƙara sakankancewa cewa daidai na yi, ai masu karɓar kunnen mutum ba abin da ba za su yi wa yara ba.

Sai can bayan awanni muka dawo fadamar tare da Baron, na tarar ruhin ya bi ta kan ƙauyen Downwarren ya karkashe mutane, mayun kuma sun huce a kan Anna matar Baron, wadda ke kula musu da yaran, sun maida ita dodo, ko da na karya tsafin ta dawo mutum ta ɗan yi magana da 'yarta sai ta cika. Ina komawa Crow's Perch, mazaunin Baron, na gan shi a rataye a jikin bishiyar tsakar gidansa. Ajiye hannun gem ɗin na yi na fi minti goma ina kallon sikirin.

Da safe na duba intanet na ga in ka kashe ruhin, ƙauyen ya tsira Anna ta rayu amma hankalinta ya gushe, Baron ya ɗauke ta ya tafi nema mata magani a Blue Mountains, yaran kuma mayun sun gama da su. Gaba kura baya sayaki kenan. Tambayata ita ce, wannan shi ne zurfin labarin da ake ta yabo? Don ni ji nake kamar marubutan sun zauna ne sun toshe duk wata hanyar alheri da gangan don kawai ranka ya ɓaci. In duk inda ka bi sai an yi kuka to meye amfanin ba ni zaɓin? Kuma ku ba ni shawara, in loda tsohon sebin ɗina ne ko in ci gaba a haka?

TsohonHannu:

Ƙanina kar ka loda komai, ci gaba a haka. Minti goman nan da ka yi kana kallon sikirin shi ne abun da CD Projekt Red, masu gem ɗin, suka yi shekaru suna ginawa, in ka koma baya ka goge shi ka cuci kanka.

Ka lura da dabarar da suka yi, ba su nuna maka sakamako nan take ba. Da a ce kana sakin ruhin sai ka ga ƙauye na ci da wuta, ai sakan biyar ya ishe ka ka loda ka gwada ɗayan, kamar mai ɗanɗana gishiri. Sai suka bari ka yi tafiyarka, ka yi wasu mishan ɗin, ka ƙara lebul, ka canza takobi, sannan abun ya riske ka lokacin da komawa baya na nufin asarar awanni. Dole ka ɗauki kayanka a kanka.

Sannan batun wai an toshe hanya da gangan, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Alamu suna nan kai ne idonka ke kan yaran. Mutanen Downwarren sun faɗa maka duk wanda ya je wajen tudun da bishiyar take ba ya dawowa, ka ga gawarwaki a hanya, ka yi faɗa da mutum-kerkeci a bakin kogon, akwai ma wani littafi a cikin gem ɗin da ke nuna cewa ruhin nan uwar mayun ce da 'ya'yanta suka kashe saboda ɓarnarta ta yi yawa. Ba wai ina ce maka ka yi kuskure bane, ni ma karon farko sakinsa na yi kuma ko yau aka ce in zaɓa hannuna zai yi rawa. Abun da nake nufi shi ne an ba ka rabin sani aka ce yanke hukunci, ka san ruhin ba abin yarda bane ka san mayun ma ba abin yarda bane, ka auna ka zaɓi yaran da ka san fuskarsu a kan ƙauyawan da ba ka sani ba. Wannan zaɓin ya faɗi wani abu game da kai.

Kwatanta da gem ɗin Fable na 2004, in kana aikata alheri haske ya fito maka a ka, in kana mugunta ƙaho ya tsiro maka. Na so gem ɗin sosai a lokacinsa amma ba ka taɓa tsayawa ka yi tunani, lissafin maki kawai kake, kana son haske ka danna nan kana son ƙaho ka danna can. A Velen ba wanda ke rubuta maka maki, Geralt ma kansa ba ya cewa komai mai tsawo, yana kallon gawar ya wuce.

Kuma ka shirya don a kan Ciri, 'yar riƙon Geralt da yake ta nema, ma haka za a yi maka, ƙananan abubuwan da ba za ka ɗauke su bakin komai ba su ne za su yanke yadda ƙarshenta zai kasance. Ba zan faɗa maka su ba.

Ummu_Sulke:

Yaya TsohonHannu ya gama magana a kan bishiyar, ni a kan shi Baron ɗin nake so in tsaya, sbd abun da ke damuna shi ne yadda nake ganin mutane suna cewa wayyo bawan Allah abin tausayi, kamar sun manta me ya kori iyalinsa daga gidan.

Mutumin nan Philip Strenger, wato Baron, shekara da shekaru yana shan giya yana dukan matarsa a gaban 'yarsa. Da farko ma ƙarya ya yi wa Geralt ya ce ɓacewa kawai suka yi, sai da ka shiga ɗakin ka ga alamar kokawa, ga zanen da aka matsar don a rufe ramin da ke jikin bango, sannan gaskiya ta fara fitowa kaɗan kaɗan. Kuma da ya tashi ba da nasa labarin, cewa yana fagen yaƙi Anna ta bi wani, ya dawo ya kashe mutumin, ita kuma ta zo masa da wuƙa, ka saurari yadda yake tsara maganar, ko'ina sai ya nemo inda zai raba laifin biyu. Duk macen da ta taɓa zama kusa da irin wannan gidan ta san wannan salon maganar, ni dai tsigar jikina ce ta tashi don sun kama shi daidai.

Amma shi ɗin ne dai ya karɓi Ciri da rauni ya ba ta masauki ya ciyar da ita bai nemi komai ba, shi ne ya bar Gretka, yarinyar da ta zo tare da Ciri, ta zauna a kicin ɗinsa. Kuma daren da ya ɗauki jaririyar da aka yi ɓarinta aka binne ba suna har ta zama dodo, ya rungume ta a ƙirji tana mutsu-mutsu yana tafiya da ita har bakin ƙofar gidansa, ya sa mata suna Dea yana kuka yana neman gafararta, wlh na yi hawaye kuma ina hawayen ina jin haushin kaina da nasa duka.

Abun da ya sa na girmama marubutan shi ne ba su tilasta wa 'yarsa Tamara ta yafe masa ba. Ka same ta a birnin Oxenfurt ta shiga cikin mafarautan mayu na addinin Eternal Fire, ta ce ba za ta koma ba, kuma gem ɗin bai nuna ta a matsayin mara kunya ko mara biyayya ba, ya bar ta da gaskiyarta. Ka fahimci mutum ya aka yi ya lalace, wannan daban, ka wanke shi kuma daban, su sun ba ka na farkon sun hana ka na biyun. Don haka ɗan'uwa Mafarauci, ratayar nan da ka gani ba kai kaɗai ka jawo ta ba, igiyar tun kafin Geralt ya taka Velen ake tufka ta.

DanTaswira:

Ni kam zan ɗan saɓa muku. Ba na musun Baron, an rubuta shi da kyau, amma korafin mai tambaya yana da tushe kuma matsalar ta fi bishiya ɗaya girma. Buɗaɗɗiyar duniya da labari mai nauyi ba sa cika jituwa. An ce maka mugayen mahayan nan na Wild Hunt na bin 'yarka Ciri kowane lokaci za su iya cim mata, kai kuma kana mashaya kana buga katin Gwent da mai shago, ka yi sati kana neman hular sulke a ƙarƙashin ruwan tsibiran Skellige, ba abun da zai same ta sai ka ga dama. Gem ɗin Skyrim ya fi muni a nan, mutum ɗaya shi ne shugaban ɓarayi shi ne shugaban makasa shi ne shugaban makarantar matsafa kuma shi ne gwarzon da zai ceci duniya, masu gadi su bi ka da 'yar magana ɗaya shikenan.

Duk da haka in aka ce in nuna inda buɗaɗɗiyar duniya ta yi abun da fim ba zai iya ba, Skyrim ɗin nan na 2011 zan koma, yaƙin basasarsa. Gem ɗin ya buɗe da sojojin Daula suna shirin sare maka kai ba tare da sunanka na cikin takardar ba, dole zuciyarka ta karkata wajen Ulfric Stormcloak madugun 'yan tawaye, ga shi kuma yana faɗa ne don an hana mutanensa bautar abin bautarsu Talos bisa yarjejeniyar da Thalmor, masu mulkin wata ƙasa abokiyar gaba, suka ƙaƙaba wa Daular. Sai ka taka da ƙafarka zuwa Windhelm birninsa, tun a bakin ƙofa ka ga 'yan Nord biyu, wato ƙabilar Ulfric, sun tsare wata baƙuwa 'yar jinsin Dunmer suna ci mata mutunci, ka leƙa unguwar Gray Quarter inda aka cusa Dunmer ɗin, ka sauka tashar jirgi ka ga Argonians, jinsin masu kama da ƙadangare, da aka bari a wajen ganuwa. In kuma ka tsaya ka karanta takardun sirrin da ke ofishin jakadancin Thalmor za ka ga su yaƙin ma so suke ya daɗe ba wanda ya ci, sbd duka ɓangarorin su raunana. Ba wanda ya zaunar da kai ya yi maka bayani, kana iya gama gem ɗin ba ka ga ko ɗaya ba.

Elden Ring na 2022 ma haka kamfanin FromSoftware suka yi, labarin a jikin bayanin kaya yake. Sarki Morgott da ka kashe a birnin Leyndell kana murna, daga baya ka gane an haife shi da ƙaho ne shi yasa aka jefa shi magudanar ƙarƙashin birni tun yana jariri, kuma cikin duk 'yan gidansu shi ne ya tsaya yana kare tsarin da ya tsine masa. Wannan ya fi min zafi a kan gawarwakin da aka rataye a kowace mararrabar Velen, don waɗancan bayan awa goma ido ya saba ba ka ma ganinsu. Akwai gem da yawa yanzu da suka ɗauka yawan jini da zagi shi ne zurfi.

TsohonHannu:

Maganar Gwent gaskiya ce DanTaswira ba zan ja ba. Amma ka ga misalan da ka kawo duk abu ɗaya suke nunawa da na Baron, sai ka san mutum tukun sannan abun da ya same shi yake maka ciwo.

Mafarauci, in ka isa birnin Novigrad kana bin sawun Dandelion abokin Geralt za a tura ka wajen wata malama Marabella mai makarantar yara. Kar ka yi sauri a wurin, ka duba ɗakin da kyau.

Mafarauci87:

Na gode muku duka, musamman Anti Ummu, maganar Tamara ta sa na gane ina ta jimamin Baron ban ko tuna da ita ba alhali ita ta rasa uwa a gaban idonta.

Ban loda ba. Kafin in bar Velen na sake hawa Roach, dokin Geralt, na koma Downwarren na zagaya gidajen a ƙafa, ba mishan ba komai, kawai na ji ya kamata in gani. Crow's Perch kuma yanzu sajan ɗin Baron ne ke riƙe da wurin kuma yaransa sun fi da cin zalin ƙauyawa, wannan ma ban yi tsammaninsa ba.

Ɗazu na isa makarantar Marabella. Yaya, na gan su, marayun nan na fadama, suna zaune a ƙasa ana koya musu karatu. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofar kafin in yi mata maganar Dandelion.