Ƙanwata mai jego, an ce naman zuciyarta ya saki

Maman Biyu, Birni: Salamu alaikum. Ƙanwata ta haihu sati shida ke nan. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya barci sai ta jingina da matashi uku. An yi mata eko, wato hoton zuciya, likita ya ce ƙarfin turo jinin zuciyarta 30 ne cikin 100. Aka rubuta mata Lasilix da enalapril da spironolactone. Yanzu kumburin ya saɓe, inna ta ce a ajiye magani a koma kunun kanwa. Mu ajiye?

Likita A.: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ku ajiye. Lasilix ruwa kawai yake fitarwa, shi ya sa kuka ga sauƙi da wuri. Zuciyar kuwa ba ta farfaɗo ba tukuna. Lafiyayya takan tura sama da 50 cikin 100. Enalapril da spironolactone ne ke rage mata nauyi, kuma aikinsu na watanni ne. In ruwan huhu ya janye, akan ƙara carvedilol ko bisoprolol, a fara da ɗan kaɗan. A duba ƙoda da sinadarin potasiyom cikin sati ɗaya zuwa biyu da fara maganin, don enalapril da spironolactone na iya haura da potasiyom ɗin. A sake eko wajen wata shida.

Ungozoma: Kanwa ai 'yar'uwar gishiri ce, tana tsare ruwa a jiki. Ga dunƙulen miya, ga yajin jego da ake zuba masa gishiri. A yi wa inna bayani da lalama, gata take nufi. Wanka kuma da ruwa mai ɗumi ya wadatar. Shayarwa ba laifi da enalapril, amma yana cutar da ɗan tayi. Sabon ciki kafin zuciya ta warke kasada ce babba. Don hana ɗaukar ciki, a sa mata ashanar hannu ko robar mahaifa, ban da ƙwaya mai estrojen.

Mai farmasi, Sabon Gari: Ta hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, a rubuta. Kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba. Ban da diclofenac da ibuprofen na 'yan tebur. In ciwon jiki ne, paracetamol.

Likita A.: Na manta: zuciya mai rauni haka na iya tara gudan jini. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko ta suma, ko ta yi tari da kumfa, a wuce Babban Asibitin Damagaram ko da tsakar dare ne.