Shawarwari kan farfaɗo da wasannin jami'a

Ga abin da ya fi fitowa a tattaunawarmu. Yawanci sun ce a daina jira sai gasar NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, ta matso sannan a fara neman 'yan wasa, gasar da ake yi tun 1966 ai ta wuce shirin gaggawa, a riƙa haɗa wasa tsakanin tsangayoyi duk zango kuma kar tirenin ya ci karo da lacca. Tsofaffin ɗalibai kuwa wallahi suna son taimakawa, amma ba mai turo kuɗi bai ga inda suka shiga ba, a nuna musu rasit, a ce ga jesi ga takalma. A gayyace su ranar wasa, mutanen gari ma su shigo kyauta.