Wai ruwan kan tsauni ya fi kowane ruwa tsabta?

Alhaji Sani, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Jiya yarona ya nuna mini bidiyon wani kogi a Tibet, Yarlung Tsangpo. A manyan kogunan duniya babu wanda ya kai shi hawa sama, wajen mita 4,000 daga teku, kuma daga ƙanƙara yake fitowa. Ni na ce wannan ko ba a tace ba sai a kafa kai a sha. Ba galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ba bola. Mu kuwa nan Ghana ga kogin Offin ya koma kamar koko.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar tsayi gaskiya ce, amma batun kafa kai a dakata. Ƙanƙarar nan tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta ya zama gari, shi ya sa ruwan da ke fitowa daga gindinta yake fari-fari kamar an ɗiga madara. Ga dutsen farar ƙasa da ruwan ke narkarwa a hanya, don haka kalshiyam da bayikabonet suka fi yawa a cikinsa. A ma'aunin pH, mai auna tsamin ruwa, yana wajen 8, wato ya ɗan karkata ɓangaren kanwa.

Alhaji Sani: To Malama, farar ƙasa guba ce?

Malama Rabi: A'a. Iyakarta sabulu ya yi nawar kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo a gindi. Asenik nake tsoro, wani sinadari mai guba. Tibet cike take da maɓuɓɓugan ruwan zafi, irin na Yangbajain kusa da Lhasa, masu asenik da boron da yawa, kuma suna zuba a rassan kogin. Asenik ba launi ba wari, tafasawa kuma ba ta cire shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya.

Musa Direba: Anti, su da ke can sun mutu ne? 😂

Malama Rabi: Musa, bi kogin ka gangara. A Indiya sunansa Brahmaputra, a Bangaladash Jamuna. Laka da rairayin da shi da Ganges suka kwaso daga Himalaya su ne ƙasar da mutanen Bangaladash ke zaune a kai. An haƙa musu miliyoyin rijiyoyin burtsatse don su tsira daga kwalara da gudawa, ruwa garau. Sai a shekarun 1990 aka tabbatar akwai asenik a ciki, miliyoyin mutane sun daɗe suna sha, wasu har tafin hannu da na ƙafa ya yi kanta.

Kawu Idi, Asawase: 'Yata, kin yi mana wayo. Ana maganar kogi kin kawo rijiya.

Malama Rabi: Na karɓa, Kawu. Can ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kaiwa, laka ke sakin asenik ɗin. Shi babban kogin yawan ruwansa yana tsarma na maɓuɓɓugan. Amma dai dutsen ne asalin asenik ɗin, ba masana'anta ba.

Hajiya Maimuna: Ni abin da ba na so, kada masu galamsey su ji wannan su ce ai ko'ina haka ne. Wancan daga Allah ne. Namu mutum ne ya shiga da katafila da zaiba. Satin da ya wuce ƙanwata ta ɗebo ruwan rafi a ƙauyensu, ta jefa alam a bokiti, da safe laka ta kai gaɓar yatsa biyu a ƙasa. Kuma Offin ɗin nan shi aka tare a Barekese muke sha a Kumasi.

Kawu Idi: Nan kam ba gardama.

Alhaji Sani: Duk da haka, a ajiye mini kofi biyu, na Tibet da na Offin, kun san wanda zan ɗauka.

Malama Rabi: Ni ma shi zan ɗauka, Alhaji. Amma sai na tafasa, don makiyaya da dabbobinsu na bakin kogin.

Alhaji Sani: To ni yanzu kin sa mini shakka a kan burtsatsen gidana, garau yake shi ma. Nawa ake auna ruwa, kuma a wace kwalba ake kaiwa?