Neman kalmar Hausa: API da takardun da ke bayaninsa

Mai koyarwa, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa matasa a nan Gombe yadda ake rubuta bayanin API, kuma da Hausa za a yi darasin. Na ɗauki Redoc, mai nuna bayanin API a shafin intanet, saboda shafinsa kashi uku ne: jerin sunaye a hagu, bayani a tsakiya, misalin buƙata da amsa a dama. Kanun shafin ne ya tsaya min. Me zan kira API, me kuma zan kira takardunsa? A taimaka da gajeriyar kalma, don gefen hagun nan siriri ne.

'Yar Jekadafari: Wa alaikumus salam. Mahaɗar manhaja. A nan ne manhaja ɗaya ke aika buƙata, ɗayar ta mayar mata da amsa. Takardun kuma kundin bayani.

Malamin Hausa: Mahaɗa wuri ce, ba ta aikata komai. Ni dillalin manhaja nake cewa, kuma na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina haka. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san aikin mai tsayawa tsakanin mutum biyu.

Injiniya daga Bauchi: Allah ya gafarta Malam, dillali sasantawa yake yi, ya rage nan ya ƙara can. API ba ya sasanta komai. Ka tura buƙata ba bisa ƙa'ida ba, lamba 400 zai dawo maka da ita. Ka nemi abin da babu, 404. Yaron da ya riƙe dillali a ransa zai zaci akwai lallashi a ciki.

Malamin Hausa: To ku da kuke rubuta API tsirara a tsakiyar Hausa, wane gata kuka yi wa harshen? Ya kamata a miƙa maganar ga masana na Jami'ar Bayero kafin kowa ya yi gaban kansa.

'Yar Jekadafari: Malam, sai Kano ta sa hannu kafin Gombe ta yi darasin Asabar? Ita kanta manhaja daga Larabci ta zo, tsarin karatu aka san ta da shi, bakin mutane ne ya ɗora mata sabon aiki.

Malamin Hausa: Ba raina Gombe na yi ba, 'yata. Tsoro nake kowane gari ya fito da tasa, gobe mu kasa karanta rubutun juna.

Injiniya daga Bauchi: Mu koma kan aikin. Yawancin yaranka da waya za su buɗe shafin, kuma a waya kashi ukun nan ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa, jerin hagun ma ɓoyewa yake sai an taɓa. Gwada Swagger UI, shi ma irin Redoc ne: yana da maɓallin da yaro zai tura buƙata ya ga amsar da idonsa. Fayil ɗaya suke karantawa da Redoc, na OpenAPI, wato tsarin rubuta bayanin API, wanda asalinsa Swagger ne kafin a miƙa shi ƙarƙashin ƙungiyar Linux Foundation a 2015. Sannan ka kula da ɗ ɗin mahaɗa. Wanda ya buga d marar lanƙwasa a gurbin bincike zai iya tashi hannu wofi.

Mai koyarwa, Tudun Wada: Wannan na ɗ bai zo min ba, na gode. Ga abin da zan yi: kanun shafi Kundin API, don da wannan sunan za su nemi taimako a intanet bayan darasi. A layin farko na bayani zan rubuta cewa API mahaɗar manhaja ce. Zan nuna musu Swagger UI da Redoc duka.

Malamin Hausa: Kundi na yarda da shi. Mahaɗa kuwa ku yi ta zuwa Asabar, amma ka ambaci dillali ko da baki ne, ka dawo ka faɗa mana wadda yaran suka riƙe.