Wai da gaske ne ana maganin ciwon damuwa da haske?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ƙanena shekara uku ke nan yana shan maganin ciwon damuwa. Da sauƙi, alhamdulillahi, amma sai ya kai azahar yana barci, ga ƙiba har rigunansa sun daina shigarsa. Jiya ɗana ya nuna mini bidiyon wani ɓera da siririyar waya a ka: a kunna shuɗin haske ya hau zagaye, a kashe ya tsaya cak. Masana, sabon magani ne? In gona ce ma sai mu sayar.

Ɗan Lab: Wa alaikumus salam Hajiya, a bar gonar nan tukuna. Sunan abin optojenetik, kuma kayan bincike ne. Akwai wani gansakukan ruwa mai sinadarin furotin da ke buɗewa kamar ƙofa idan shuɗin haske ya taɓa shi. A 2005 ɗakin binciken Karl Deisseroth na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda shi kansa likitan ƙwaƙwalwa ne, ya nuna cewa in an dasa ƙwayar gadon furotin ɗin a ƙwayoyin jijiya, haske zai iya tayar da su. Bairos da aka cire wa dafi ake ba wa saƙon ya kai.

Kin ga maganin sha jini yake bi ya shiga ko'ina, shi ya sa barci da ƙiba. Haske kuwa layi ɗaya yake taɓawa, kamar mai gyaran wuta yana neman wayar da ta ƙone. Amma ko a ɓeraye da sauran aiki. A 2013 wasu masu bincike suka kunna ƙwayoyin jijiya masu fitar da dofamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi, alamun damuwa suka ragu. Wasu kuma suka kunna irin ƙwayoyin a wannan wurin dai, abin ya ƙaru, don wahalar da aka ba ɓerayen ta bambanta. To kuma ɓera ba ya cewa "raina a ɓace yake".

Malamin Jinya: A jikin mutum, a ido aka fara ganin nasara. A 2021 aka ba da rahoton wani makaho a Faransa da aka yi wa wannan aikin a ido, ya soma gane kaya a kan tebur da taimakon tabarau na musamman. Ido haske na shigarsa da kansa. Ƙwaƙwalwa sai an huda ƙoƙon kai. Hajiya, kada ƙanenki ya yanke maganin da kansa. Ku gaya wa likita batun barcin, ana iya sauya ƙwayar ko lokacin shanta.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri. Ranar Talata ce ranar ganin likitansa, da ni za a je.