Flooding da weeping a hasumiyar tace mai: me za mu kira su da Hausa?

1/ Ɗaliban injiniyancin sinadarai masu aiki da manhajojin kwaikwayon aikin masana'anta irin Aspen HYSYS ko DWSIM, da ma'aikatan matatu irin ta Kaduna da Soraz ta Damagaram, ku matso kusa. Kalmomin nan biyu muke son mu tsayar wa Hausa.

2/ Cikin hasumiya, wato doguwar tukunyar da ake rarrabe ɗanyen mai da zafi, farantai ne jere, wani bisa wani, tazararsu yawanci kusan santimita 60, kowanne da hudoji kamar gindin madambaci. Tururin mai na hawowa ta hudojin. Ruwan man kuma ya ratsa saman faranti, ya tsallake 'yar katanga, ya sauka ta indararo zuwa farantin ƙasa. Ƙarfin tururin ne ke hana ruwan bi ta hudojin.

3/ Idan tururi ya yi rauni, ruwa sai ya fara sulalewa ta hudoji bai gauraya da tururin yadda ya kamata ba. Wannan ne weeping. "Hawaye" fassara ce kawai, ba wanda zai faɗe ta a ɗakin sarrafa injina bai yi dariya ba. An kawo "yoyo", ni kuwa ban yarda ba. Ka ce wa mai gyara faranti na yoyo, walda zai ɗauko ya shiga neman inda ya fashe, alhali lafiyar ƙarfen ƙalau, tururi ne ya gaza. Na zaɓi "tsiyaya". Idan abin ya ta'azzara har ruwan duka ya bi ta hudoji, sai mu ce "kwarara".

4/ Flooding ta fi wuya. Kowa "ambaliya" yake cewa. To amma ambaliya a kunnen Bahaushe ruwa ne da ya ɓalle ya fita waje, nan kuwa a ciki ya maƙale. Ko dai tururi ya yi gudun da yake kwasar ɗigon ruwa yana kai shi farantin sama, ko indararo ya cika ya kasa saukar da abin da ke shigarsa. Ruwa ya taru, bambancin matsi tsakanin gindi da saman hasumiya ya yi tsalle, tacewa ta lalace.

5/ Wani dattijon injiniya ya ce "tumbatsa". Ranka ya daɗe, ta yi daɗin faɗi, sai dai cika kawai take nunawa. "Shaƙewa" ta haɗa cikar da toshewar hanya, shi ya sa na tsaya a kanta.

6/ A jimla: "An zana hasumiyar ta yi aiki a kashi 80 cikin 100 na iyakar shaƙewa." Nan ɗin dai aka saba tsayawa, tsakanin 70 da 85, kuma har yau ana amfani da lissafin injiniya James Fair na 1961 wajen ƙiyasta iyakar.

7/ Ɗalibai, manhaja ta ba ku amsa ba yana nufin hasumiyar za ta yi aiki ba. Sai kun saka mata faɗin hasumiya da tazarar farantai da girman hudoji, ku duba faranti-faranti. Shaƙewa a nauyin aiki mafi yawa ake gwada ta, tsiyaya kuma lokacin da aka rage ɗanyen mai, don faranti mai hudoji zalla kan fara tsiyaya idan aiki ya sauko kusan rabi.

8/ Saura entrainment, wato kwasar ɗigon nan. "Feshi" na ji ana cewa, bai gamsar da ni ba tukuna.