Me za mu ce wa "firam namba" a shirin rediyo?

Hadiza, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin ilimi a kan lambar 2,147,483,647. Ana samun ta ne in an jera 2 guda 31, an ninka su da juna, an cire 1. Babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar yadda masanin lissafi Euler ya tabbatar a 1772. Wane suna za mu ba irin wannan lamba? "Firam namba" ba ta shiga kunnen mai sauraro.

Malam Bala, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Kada dai a ce "mara". 9, 15 da 21 duk mara ne amma 3 na raba su, ita kuwa 2 cika ce kuma tana cikin jerin. Ni "lambar asali" na zaɓa, don duk lambar da ta wuce 1, ko dai ita ce, ko kuma daga irinta aka haɗo ta: 360 ita ce 2×2×2×3×3×5, kuma babu wata hanyar.

Auwal, Kawo: Gagara-rabo! Sahun gagara-gasa da gagara-badau. Kishiyarta kuma "mai rabuwa". Yaro na ji zai gane.

Malam Bala: Ɗan'uwa, ai ba ta gagari rabo ba, 1 na raba ta, ita ma tana raba kanta. Masu raba ta biyu ne cif, shi ya sa 1 ba ta cikin irin waɗannan lambobi. Sunanka zai sa yaro ya ƙirga 1.

Ustaz Nura, Rigasa: Larabci ya riga ya gama wannan aiki, adadi awwali. Jam'i da adadi duk daga can muka samo, me ya sa nan za mu ƙi?

Auwal: Ustaz, kullum sai mun yi aro? Hausar da ke da cika da mara ba za ta rasa wannan ba.

Malama Rabi, Barnawa: Da Turanci yaran za su zauna WAEC da NECO. In ba su ji "firam" ko sau ɗaya ba, an cuce su.

Auwal: Irin wannan tunanin ne ya hana Hausa shiga ajin lissafi, Malama.

Malam Bala: A bar wannan tukuna. Hadiza, ga inda ake tuntuɓe: kada ki bari a ɗauka duk ninkin 2 da aka cire wa 1 haka yake. Jera 2 guda 11 ki cire 1, kin sami 2,047, wato 23×89. Kuma wanda zai gwada lambarki da rabawa ba sai ya wuce 46,340 ba, don in akwai mai raba ta a sama da nan, dole abokinsa na ƙasa.

Hadiza: Na gode Malam. Zan ce "lambar asali, wato firam namba", in bi da bayanin masu rabawa biyu. Kishiyar fa?

Ustaz Nura: Murakkabi.

Auwal: A yi amfani da "asali" a wannan makon, amma ban yarda an gama ba. "Lambar asali" za ta rikice da lambar katin ɗan ƙasa. A bar mini "mai rabuwa" aƙalla.